Shin dabara ce in mayar da foldar Documents gaba ɗaya cikin ma'ajiyar intanet?

Malamin_Kimiyya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Ni malamin sakandare ne, kuma ni ke haɗa sakamakon jarrabawa na ajujuwanmu. Kwamfuta biyu nake aiki da su, ta ofis da laftop ɗina na gida, sai kuma waya. Kullum da filash nake safa da marwa tsakaninsu, har ta kai fayil ɗaya yana da suna uku, in rasa wanne ne na ƙarshe. Ƙanina ya ce in daina wahalar da kaina, in girka Google Drive ko OneDrive a kan duka biyun, in kwashe duk abin da ke cikin Documents in zuba a foldar da ke daidaita kanta da intanet, in riƙa aiki kai tsaye daga ciki. Ba wai in riƙa ɗora kwafi jefi-jefi ba, foldar ce za ta zama wurin aikina na yau da kullum. Akwai mai yin haka a cikinku? Ya batun data? In babu sabis fa? Kayan nawa ba su wuce giga 9 ba, yawanci Word da Excel da PDF, sai hotunan takardu.

BaZazzaga: Wa alaikumus salam Malam. Na daɗe ina yin haka, kuma ba na jin zan sake komawa filash. In fara takarda a ofis, in zo gida in buɗe laftop in tarar da ita a inda na tsaya. In wani ya kira ni ina kan hanya yana neman wata takarda, daga waya nake tura masa. Ƙaninka ya ba ka shawara mai kyau, ka yi kawai.

Dan_Farm_Centre: Malam, kafin komai duba wurin da kake da shi. Google na ba da giga 15 kyauta, OneDrive giga 5, Dropbox giga 2. Ka ga da giga 9 ɗinka Google ne kaɗai zai ɗauke ka ba tare da biya ba. Sai dai goma sha biyar ɗin nan ba na Drive kaɗai ba ne, haɗaka ce da Gmail da Google Photos, kuma tun farkon 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ma daga ciki take ci. In kana cikin guruf-guruf ɗin da ake turo bidiyon biki da wa'azi safe da yamma, wataƙila rabi ya riga ya tafi ba ka sani ba. Kuma in wurin ya cika ba Drive kaɗai ke tsayawa ba, saƙonnin Gmail ma sai su daina shigowa.

Injiniya_Rabi: Ina tare da BaZazzaga cewa tsarin yana da daɗi, amma ban yarda da "ka yi kawai" ba. Malam, abu ɗaya nake so ka riƙe: aikin manhajar nan shi ne ta tabbatar abin da ke kwamfutarka da abin da ke intanet sun zama iri ɗaya. Shi ke nan aikinta. Ba ta san mai kyau da marar kyau ba. In ka gyara, ta kai gyaran ko'ina. In ka goge, ta kai gogewar ko'ina. In hannunka ya taɓa wani abu a Excel, maki na aji guda ya hargitse, ka danna ajiyewa ba ka lura ba, hargitsattsen ne zai hau intanet ya sauka a ɗaya kwamfutar ya danne mai kyau. In bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa ya shiga, kullallun fayilolin ne za a ɗora.

Saboda haka tana kare ka daga sata, gobara, ko mutuwar kwamfuta, wannan gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ta kare ka daga hannunka ko hannun yaron da ya ɗauki laftop zai yi wasa. Mutane da yawa sun ɗauka da sun ga fayil a intanet sun yi ajiyar ko-ta-kwana. Masu aikin kwamfuta ƙa'idarsu ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Foldar da ke daidaita kanta, duk da tana kan na'ura uku, ni a lissafina ban cika ƙirga ta fiye da kwafi ɗaya da rabi ba. Ka sayi faifan ajiya na waje, duk ƙarshen wata ko ƙarshen zango ka kwafe komai a kai, ka cire shi ka sa a durowa.

Ummu_Yasmin: Wallahi Injiniya kamar kin san abin da ya faru da 'yar yayata. Laftop ɗinta ya cika, sai ta ce ai komai na intanet, ta bi foldar ta goge ta kakaf don ta samu wuri. Da ta buɗe waya za ta ɗauko babin furojet ɗinta, wayam. Ranar har abinci ba ta ci ba.

Dan_Farm_Centre: @Ummu_Yasmin Hajiya, in abin bai daɗe ba ki ce ta shiga ta burauza ta duba kwandon shara na ma'ajiyar. Google Drive na riƙe abin da aka goge kwana 30. OneDrive na mutum ɗaya shi ma 30, na makaranta ko wurin aiki 93. Dropbox na kyauta 30. Kuma akwai tarihin gyare-gyare, wanda zai dawo maka da fayil yadda yake jiya ko shekaranjiya. Don haka maganar Injiniya ba ƙarya ba ce amma ta ɗan tsaurara, akwai ƙofar dawowa.

Injiniya_Rabi: Akwai, amma ƙofar tana da wa'adi. Wanda ya goge yau ya gane gobe ya tsira. Malam kuwa sakamakon zangon farko ba zai sake buɗe shi ba sai ƙarshen shekara da za a haɗa jimilla. In ya lalace a watan Janairu, sai Yuli zai gani. Kwana talatin sun wuce tuntuni. Ko tsofaffin kwafin fayil ɗin Excel da ke Drive, bayan kwana 30 ko gyara 100 ana iya share su, sai in kai ka zaɓi a riƙe.

Ummu_Yasmin: A kwandon aka same su, alhamdu lillahi, wani ɗan ajinsu ne ya nuna mata.

Alhaji_Mai_Taya: Ku dai kuna da wahalar da kai. Ni duk wata takarda mai muhimmanci, rasit ne ko takardar fili, hoto nake ɗauka in tura wa lambar uwargida a WhatsApp. Har yau ban rasa komai ba.

BaZazzaga: Alhaji, ranar da uwargida ta yi fushi ta share hirarku fa? 😂

Alhaji_Mai_Taya: Sai in koma wa amarya, ita ma ina tura mata. Kwafi biyu ke nan a wuri daban-daban, ko ba haka Injiniya ta ce ba?

Gusau_Ta_Sambo: Dariya gefe, ni tambayar Malam ta ƙarshe ce ta dame ni, wato in babu sabis. Mu a Zamfara mun ɗanɗana. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet, wasu ƙananan hukumomin ma suka kwashe watanni. Sai mutum ya yi tafiya zuwa Funtuwa don ya aika saƙo. Ina da abokin aiki da ke ganin sunayen fayilolinsa reras a kwamfuta, amma in ya danna ba abin da ke buɗewa, domin sunayen ne kawai a wurin, ainihin takardun suna can intanet. Tun lokacin ni ba na yarda da duk tsarin da sai da sabis zan taɓa takardata.

Injiniya_Rabi: Wannan batun saiti ne, kuma shi ne abin da ya kamata Malam ya fi kula da shi ranar girkawa. A OneDrive ka dubi alamar da ke gefen kowane fayil. Shuɗin gajimare na nufin suna ne kawai, fayil ɗin ba ya kwamfutarka. Alamar maki a cikin da'ira mai koren baki na nufin ka taɓa buɗe shi ya sauka, amma Windows na iya mayar da shi in yana neman wuri. Cikakkiyar koriyar da'ira ita ce ta dindindin, kuma ana samunta ne in ka danna dama a kan folda ka zaɓi Always keep on this device.

Manhajar Google Drive ta kwamfuta ita kuma zaɓi biyu take bayarwa. Na farko, Stream, yana fito maka da wani faifai kamar G: a kwamfuta amma kayan na intanet, sai wanda ka ce a ajiye maka. Na biyu, Mirror, yana ajiye cikakken kwafi a kwamfutarka. Ga wanda ke ƙasar nan kuma kayansa giga 9 ne kacal, Mirror zai zaɓa ba tare da dogon tunani ba. In sabis ya ɗauke ka ci gaba da aikinka, in ya dawo ta ɗora abin da ka canza.

Tarko ɗaya ya rage. Takardun da ka ƙirƙira da Google Docs ko Sheets, ko a Mirror ɗin ma ba cikakkun fayiloli ba ne, 'yar manuniya ce da ke kai ka burauza. Sai ka kunna aiki ba intanet a Chrome tukuna. Tunda da Word da Excel kake aiki, zauna a kansu.

Dan_Maradi: Mu nan Maraɗi matsalarmu guda da ku, rezo (wato sabis) da wuta. Kuma ba sai an katse da gangan ba. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala, har bankuna. Wanda kayansa ke kan mashin ɗinsa bai ji komai ba.

Sakatariya_01: Ba wanda ya amsa maganar data, alhali tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kowa lissafi yake yi.

Dan_Farm_Centre: Ɗorawar farko ce mai ciwo. Giga 9 za su hau daga laftop, sannan in ya ce kwamfutar ofis ma ta riƙe cikakken kwafi, wasu 9 za su sauka. Sha takwas ke nan. Ya nemi inda ke da Wi-Fi ko ya sayi datar dare ya bar ta ta kwana tana yi. Bayan haka abin da ya canza kaɗai ke tafiya, kuma takardar Word ko Excel ba ta kai ko hoto ɗaya na wayar zamani nauyi ba. Abin da ke shanye data shi ne mutum ya jefa bidiyo a foldar, ko ya bar foldar Pictures da Desktop su ma suna hawa. In da hotsfot na waya kake jona laftop, shiga saitin Wi-Fi na Windows ka kunna Metered connection, OneDrive zai dakata da kansa har sai ka ce ya ci gaba.

Af, masu sabuwar kwamfuta mai Windows 11 ku duba da kyau, in kun shiga da akawun ɗin Microsoft sau da yawa Documents da Desktop da Pictures suna riga su koma cikin OneDrive tun wajen saitin farko. Kwastomomi da dama na zuwa shago suna tambayar abin da Malam ke tambaya, in duba in ga ai sun daɗe a ciki.

Sakatariya_01: Na gode. Ni kuma abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne rabuwar fayil gida biyu. Ina cikin aiki a ofis a ɗauke wuta, kwamfutar tebur ce ba batir, ta mutu kafin gyaran ya hau. In je gida in buɗe, tsohon kwafi zan gani, in yi aiki a kansa. Washegari a kawo wuta, ta ofis ta farka ta ɗora nata. Sai ka ga fayil biyu, kowanne da rabin aikin, sai na zauna na bi layi-layi ina haɗawa. Malam da ke shigar da makin ɗalibai, wannan ba abin wasa ba ne.

BaZazzaga: Haka ne, amma aƙalla ba ta zubar da ko ɗaya. Dropbox na rubuta conflicted copy a jikin sunan, OneDrive na liƙa sunan kwamfutar a ƙarshe. Da filash fa? Ka danne sabo da tsoho ba wanda zai ce maka uffan. Dabarar ita ce ka rufe fayil, ka dubi 'yar alamar da ke kusa da agogo ta nuna an gama, sannan ka tashi. In ka zo ɗaya kwamfutar ma ka ba ta minti biyu ta sauke kafin ka buɗe.

Mai_Linux: Duk wannan hayaniya a kan kwamfuta biyu da waya ɗaya? Ku girka Syncthing. Kyauta ce, ba kamfani a tsakiya, ba iyakar giga. Na'urorinka ne ke magana da juna kai tsaye, in suna kan Wi-Fi ɗaya ko data ba ta ci.

Injiniya_Rabi: Sai dai dole na'urori biyun su kasance a kunne lokaci guda kafin su yi musaya. Ta ofis a kashe take in yana gida, laftop a gida yake in yana ofis. Sai ya mayar da waya 'yar aike a tsakani, kuma in an sace jaka da laftop da waya a ciki, saura kwafi ɗaya. Yallaɓai, kai za ka riƙa zuwa makarantar kana saita masa?

Mai_Linux: In zai biya kuɗin mota.

Barista_Kd: Ku ba ni dama in shigo da wani ɓangare. Malam, takardun nan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai sunayen yara, makinsu, wataƙila ranar haihuwa da lambobin iyaye. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, kuma ta fi tsanantawa a kan na yara. Ban ce haramun ne a ajiye a intanet ba, amma ka sanar da shugaban makaranta, kada ya zama kai kaɗai ka yanke. Na biyu, kwamfutar ofis kai kaɗai ke zama a kanta? In ka jona akawun ɗinka na kanka a can, duk wanda ya zauna zai ga takardar albashinka, takardar asibiti, hoton katin ɗan ƙasa, komai. Kuma zai iya gogewa, gogewar ta biyo ka har gida.

Tsohon_Dalibi: A kan maganar Barista, kada kuma a ce mafita ita ce a zuba komai a akawun ɗin makaranta. Lokacin da muke karatu an ba mu imel na makaranta mai wuri ba iyaka, muka zuba duk rayuwarmu a ciki. Bayan mun gama aka rufe, wasunmu ba su kwashe ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Kamfanonin ma suna canza sharaɗi: a 2022 Google ya kawo ƙarshen wuri marar iyaka na makarantu, a Yunin 2021 ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, Microsoft kuma ya rage kyautarsa daga giga 15 zuwa 5 a 2016. Kayan aiki a akawun ɗin aiki, na kai a na kai.

Alhaji_Mai_Taya: To ni tambayata, waɗannan Turawan ba sa karanta takardun mutum?

Mai_Linux: Ana rufe bayanan a hanya da kuma a ma'ajiyarsu, amma makullin na hannunsu, ba hannunka ba. Na'urorinsu na bincikar fayiloli don neman bairos da abubuwan da suka haramta, kuma in kotu ta nema za su iya miƙawa. In kana da abin da ba ka so kowa ya gani, sa shi cikin Cryptomator, manhajar da ke kulle fayiloli da kalmar sirri, kafin ya hau, ita ma kyauta ce a kwamfuta. Amma in ka manta kalmar sirrinta ba mai buɗe maka, ko su da suka ƙera ta.

Dan_Farm_Centre: Ni a shago ban taɓa ganin wanda Bature ya karanta wa takarda ba, amma kusan kullum sai na ga wanda ya kasa shiga akawun ɗinsa. An sace waya, layin ba da sunansa aka yi rajista ba, ko an rufe shi, ko ya daɗe ba a amfani da shi an sayar wa wani. Kalmar sirri kuma yaron shagon da ya buɗe masa Gmail ne ya sa, ba wanda ya tuna. Ranar da Documents ɗinka ya koma intanet, akawun ɗin ya zama shi ne makullin komai. Ka sa imel na biyu na farfaɗowa, ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa, ka rubuta a takarda ka adana inda kake ajiye takardun makaranta.

Ummu_Yasmin: Wannan ya tuna min da rasuwar wani maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa. Lissafin bashin da yake bi da wanda ake binsa duk yana cikin akawun ɗinsa, magada suka yi ta fama. Ya kamata a ce mutum ɗaya amintacce ya san yadda za a shiga.

Barista_Kd: Amin. Google na da wani saiti mai suna Inactive Account Manager, inda za ka zaɓi wanda za a ba damar sauke kayanka in an daɗe ba a ga motsinka ba. Kuma a sani, akawun ɗin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba suna iya share shi.

Akanta_Bichi: Ƙarin bayani kaɗan ga masu shirin kwashe Documents ɗungurungum: ba kowane fayil ke son wannan tsarin ba. Fayil ɗin manhajar lissafin kuɗi, rumbun bayanai na Access, da fayil ɗin Outlook mai ƙarewa da .pst, duk a buɗe suke wuni guda suna canzawa, manhajar daidaitawa na ƙoƙarin ɗorawa ana cikin rubutu a kansu. Nan ake samun lalacewa. Kuma wasu manhajojin a cikin Documents suke ɓoye irin waɗannan ba tare da ka sani ba. Ni sabuwar folda na buɗe a cikin ma'ajiyar na zaɓi abin da zai shiga, na bar Documents na asali a inda yake.

Malamin_Kimiyya: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, giga 6 da 'yan kai suka rage min a Google, WhatsApp ya cinye saura kamar yadda Dan_Farm_Centre ya faɗa. Ga abin da nake tunani: in bi shawarar Akanta, in buɗe folda ta aikin makaranta kaɗai, wadda ba ta kai giga 2 ba, in sa ta a Mirror. Zan yi wa shugabanmu magana gobe in sha Allah. Barista, gaskiya mu huɗu ne ke amfani da kwamfutar ofis ɗin. To in buɗe sabon Gmail na aikin kaɗai in jona a can, ko in bar ofis ɗin ba manhaja, in riƙa shiga ta burauza in fita in na gama?

Injiniya_Rabi: Sabon akawun, kuma a buɗe maka mai amfani naka na daban a Windows ɗin ofis mai kalmar sirri. Faifan wajen fa, ban ji ka ambace shi ba.

BaZazzaga: Ni ina ganin akawun biyu rikici ne, wata rana za ka ajiye abu a wancan ka neme shi a wannan. Ka rage bidiyon WhatsApp ɗin, ko ka biya kuɗin giga 100, ka zuba komai wuri ɗaya ka huta.

Gusau_Ta_Sambo: Burauza ba za ta yi maka ba ranar da ba sabis a makaranta, kuma ranar haɗa sakamako ce sabis ya fi ɗaukewa. Kada dai ka yar da filash ɗin.

Sakatariya_01: Malam, kwamfutar ofis ɗin naku tana da UPS, wato na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta? In babu, ka fara sa shi a jerin abin da za ka roƙi shugaban gobe.

Malamin_Kimiyya: Akwai, amma batirinsa ya mutu tun bara. Injiniya, faifan sai an yi albashi. Wane girma zan nema, kuma na hannu zai yi ko lallai sai sabo?